Na'urar busar da tumatir da muka ƙera a jami'a: mu fara wallafawa ko mu fara yin rajistar mallaka?

Malamin Injiniya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar mallakar ƙirƙira, da kuma waɗanda suka taɓa ganin an fitar da sakamakon bincike daga jami'a an kai shi kasuwa. Ni malami ne a sashen injiniyancin aikin gona na wata jami'a a Arewa, kuma ni da wani ɗalibina mai neman digiri na biyu mun ƙera na'urar busar da tumatir da tattasai mai aiki da zafin rana. Na san irin waɗannan na'urori ba baƙi ba ne, kusan kowane sashe irin namu yana da guda a ajiye a bayan ɗakin gwaji. Abin da ya bambanta tamu shi ne tana tara zafi da rana ta ci gaba da aiki da shi bayan magariba, kuma tana da ƙofar iska da ke buɗewa da rufewa da kanta gwargwadon zafin da ke ciki, ba tare da batir ko wutar lantarki ba. Kauɗar da muka samu a gwajin da muka yi a kakar tumatir da ta wuce ta fito ja, babu tsakuwa babu yashi, ba kamar wadda ake shanyawa a ƙasa a gefen titi ba.

Matsalar ita ce abubuwa sun haɗe mini lokaci guda. Taron ƙungiyarmu ta injiniyoyi yana tafe, kuma na riga na rubuta maƙala a kan na'urar, domin ina bukatarta a cikin takardun neman ƙarin girma. Ana cikin haka wani mai masana'antar ƙere-ƙere ya ji labari ya zo ya gani, yana son in ba shi zanen ya ƙera 'yan kaɗan ya gwada kasuwa, ya ce in an samu riba za mu daidaita. Shugaban sashe ya ce duk abin da aka yi a ɗakin gwajin jami'a na jami'a ne. Ɗalibin kuwa, wanda a gaskiya shi ya fara kawo shawarar ƙofar iskar, bai ce uffan ba, amma na ga alamar hankalinsa bai kwanta ba.

Idan na gabatar da maƙalar yanzu, shin zan iya neman takardar mallakar ƙirƙira, wato wadda ke hana wani ƙera abin ba da izinin mai shi ba, daga baya? Wa ma yake da haƙƙin nemanta, ni ne, ko ɗalibin, ko jami'a? Sannan abin da ya fi damuna, shin takardar tana da wani amfani na zahiri a ƙasar nan, ko kuwa wahala kawai za mu sha mu rataye ta a bango? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Barista ta amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Kafin komai ina roƙon ka da kada ka ƙara wani bayani a kan yadda ƙofar iskar take aiki, a nan ko a wani wurin jama'a, kada kuma ka aika da maƙalar ko ka miƙa wa kowa zanen tukuna. Dokar da ake aiki da ita a Najeriya a wannan fanni ta 1970 ce, kuma sharaɗinta na farko shi ne abin ya kasance sabo a ranar da aka shigar da takardar nema. Duk abin da ya riga ya isa ga jama'a a ko'ina a duniya, ta rubutu ne ko ta baki ko ta hanyar amfani da shi, ya fita daga sahun sababbi, kuma dokar ba ta raga wa mai ƙirƙirar ba don shi da kansa ya bayyana. Maƙalar taro, da allon bayani da ake kafawa a zaure, da kundin digiri da aka jera a laburare inda kowa zai iya ɗauka, da hirar rediyo, da bidiyon da aka ɗora a Facebook don murna, kowannensu yana iya raba ku da haƙƙinku. Rangwame guda dokar ta yi, shi ma ƙunƙuntacce: wanda ya nuna abinsa a baje-kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi yana da wata 6 ya shigar da nema. Taron ƙungiyarku ba ya cikin wannan.

Malamai da yawa sun ji cewa Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya wallafa, sai su ɗauka haka abin yake a ko'ina. Ba haka ba ne, kuma wanda ya dogara da wannan rangwamen yakan yi asarar sauran duniya. Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya sun wallafa dabararsu ta haɗa ƙwayoyin gado a Nuwamba 1973, ofishin lasisi na Stanford bai ankara ba sai da labarin ya fito a jarida a shekarar da ta biyo baya, aka shigar da nema a Nuwamba 1974 ana dab da cikar wa'adi. Sun samu takardar Amurka a 1980, amma ta ƙasashen Turai da sauransu ta riga ta kuɓuce musu saboda wallafar da ta gabata.

Sai dai ba a ce ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba, magana ce ta abin da zai riga wani. Da zarar an shigar da nema a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, an ba ku ranar shigarwa, to ko washegari kana iya gabatar da maƙalarka, muddin abin da ke cikinta bai zarce abin da kuka rubuta a takardar nema ba.

Game da mallaka, maganar shugaban sashenku ta yi daidai a kanka, amma ba ta rufe ɗalibin ba. Dokar ta ce ƙirƙirar da ma'aikaci ya yi a cikin aikinsa, haƙƙin nemanta na wanda ya ɗauke shi aiki ne, tare da cewa ma'aikacin ya cancanci lada mai adalci idan ƙirƙirar tana da muhimmanci na musamman, ko kuma idan aikinsa bai ƙunshi ƙirƙira ba amma ya yi amfani da kayan wurin aiki. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne. Idan bai taɓa sa hannu a wata takarda da ta miƙa haƙƙinsa ga jami'a ba, a lokacin rajista ko lokacin karɓar tallafin bincike, to kasonsa yana hannunsa har yanzu, kuma jami'a tana bukatar ya miƙa mata a rubuce, da yardarsa, bayan ya san abin da zai samu. Kowa ya mallaki takardar, sunan wanda ya ƙirƙira na gaskiya dole ne ya fito a cikinta, wannan haƙƙi ne da ko yarjejeniya ba ta kawar da shi. Haka kuma al'adar nan ta jera sunayen manya a kan maƙala don girmamawa ba ta da gurbi a nan, domin dokar ta fito fili ta ce wanda ya taimaka kawai bai kawo dabara ba, ba mai ƙirƙira ba ne. Idan da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko na wata ƙungiyar waje aka yi aikin, ku duba sharuɗɗan tallafin ma.

Akwai abu guda da nake son kowane malami ya fahimta game da takardarmu ta Najeriya. Ofishin rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma dokar ta ce ana ba da takardar ba tare da tabbacin ingancinta ba. Ranar da kuka kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, abu na farko da lauyansa zai yi shi ne neman a soke takardar ta hanyar kawo wata tsohuwa daga Indiya ko Sin mai ƙofar iska irin taku. Saboda haka binciken da ofis ba zai yi ba, ku za ku yi shi, kuma rumbunan takardun mallaka na Espacenet da Patentscope a buɗe suke kyauta a intanet. In bincike ya nuna ƙofar sabuwa ce, a kanta za a gina sashen da'awa, ba a kan na'urar busarwa gaba ɗaya ba, kuma wannan sashen ne ya kamata ƙwararre ya rubuta, domin shi ne iyakar abin da kuka mallaka. Hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta a Najeriya, tana taimaka wa masu bincike wajen tsara takardu da shigar da su, kuma tun 2006 take kafa ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Ka bincika ko taku tana da shi.

Takardar tana aiki shekara 20 daga ranar shigarwa, a cikin Najeriya kaɗai. Daga wannan ranar kuna da wata 12 ku nema a wasu ƙasashe da ranarku ta farko, kuma tun da Najeriya ta shiga yarjejeniyar PCT ta haɗin kan ƙasashe kan neman takardun mallaka a 2005, nema guda na ƙasa da ƙasa yana iya jinkirta muku zaɓen ƙasashe har kusan wata 30.

Tsohon Farfesa ya amsa:

Barista ta yi bayanin da ba ni da abin gyarawa a ciki, Allah ya ƙara basira. Ni tambayarka ta uku zan taɓa, Dakta, domin ita ce aka fi guje wa a tarurrukanmu.

Takardar mallaka kamar takardar fili ce, tana hana wani ya gina maka a kai, amma ba ta ɗora bulo ko guda. Amurkawa sun gane haka da wuri. Kafin 1980 gwamnatinsu tana riƙe da takardun mallaka kusan 28,000 da suka fito daga binciken da ta biya, kuma waɗanda aka ba kamfanoni lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dokar Bayh-Dole ta wannan shekarar ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, amma ta ɗora musu nauyi: su sanar da hukumar da ta biya, su nemi takardar a kan lokaci, su yi ƙoƙarin ganin an yi amfani da abin, kuma su raba kuɗin da aka samu da waɗanda suka ƙirƙira. Mu mun ɗauko ofisoshin, amma ba mu da doka guda da ta tilasta wannan rabo, kowace jami'a da nata tsari, wata ma ba ta rubuta ba. Afirka ta Kudu ta yi tata dokar a 2008, inda ta ce masu ƙirƙira za su samu aƙalla kashi 20 cikin 100 na miliyan guda na farko na kuɗinsu da aka samu, sannan aƙalla kashi 30 na ribar da ta biyo baya. Wannan shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyinmu na malamai su nema a rubuce, kuma kai ma kada ka shigar da komai sai ka ga kason da tsarin jami'arku ya yanka muku kai da ɗalibinka.

Takardar Cohen da Boyer da Barista ta ambata ta kawo wa jami'o'in biyu kusan dala miliyan 255 kafin ta ƙare a 1997, kuma abin lura shi ne ba kamfani guda aka ba ba, kamfanoni 468 ne suka karɓi lasisi a farashi mai sauƙi. Amma kada irin wannan labari ya ruɗe mu. Ko a can, 'yan tsirarun jami'o'i ne suke kwashe mafi yawan kuɗin, ofisoshi da dama ba sa samun abin da zai biya ma'aikatansu da lauyoyinsu. Wanda ya shiga wannan harka don jami'a ta yi arziki, ya shiga da niyyar da ba za ta ɗore ba. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne mai kuɗi ba ya zuba jarinsa a abin da bai san mai shi ba.

Darasin da ya fi kusa da mu shi ne na maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa a zamanin Farfesa Charles Wambebe, wanda aka sani da Niprisan. Daga tsirrai huɗu aka yi shi, cikinsu har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, kuma asalin haɗin daga wurin wani mai maganin gargajiya ya fito, wanda cibiyar ta yi yarjejeniya da shi ta kuma sanya sunansa cikin masu ƙirƙira, abin da ya cancanci yabo. An samu takardar Amurka a 1998. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi shi kaɗai, a 2006 aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan, a 2008 uwar kamfanin ta durƙushe a Amurka, a 2009 gwamnati ta janye lasisin. Magani ya yi wuyar samu, iyayen da suka ga sauƙi a jikin 'ya'yansu suka rasa inda za su saya, sai bayan shekaru aka sake ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Ilimin ya yi, takardar ma ta yi, abin da ya karye shi ne rataya komai a wuyan kamfani guda.

Don haka idan za ku ba wannan mutumin lasisi, kada ku ba shi shi kaɗai har abada a duk faɗin ƙasa. Ku iyakance masa yanki da shekaru, ku rubuta adadin da zai ƙera a kowace shekara da ranar da lasisin zai faɗi in ya kasa, ku bar wa jami'a damar ci gaba da bincike da koyarwa a kan na'urar. Kuma ina jin ciwon wani abu da ya fara yaɗuwa tun da wasu jami'o'inmu suka fara ba takardar mallaka maki a wajen ƙarin girma: mutum ya san ofis ba ya binciken sabunta, sai ya shigar da abin da shi kansa bai yarda zai sayu ba, ya karɓi makinsa, ya daina biyan kuɗin shekara. Taku na'urar, yadda ka siffanta ta, ta fi ƙarfin a yi mata haka.

Alhaji Mai Masana'anta ya amsa:

Ranka ya daɗe Farfesa, ka faɗi gaskiya, amma ku ba ni dama in yi magana daga ɓangaren waɗanda ake zuwa nema wa lasisin, domin ƙere-ƙeren injinan noma shi ne sana'ata a Kano.

Dakta, mutumin da ya zo wurinka ba lallai ne macuci ba ne, amma "za mu daidaita" ba yarjejeniya ba ce, kuma shi ma ya san haka. Abin da yake tsoro shi ne ya kashe kuɗi ya gyara na'urar ta dace da kasuwa, ya yi talla, ya koya wa manoma, sannan kaka ɗaya tak ta isa masu walda a Dakata ko Panteka su sayi guda su warware ta su fara ƙera tasu a rabin farashi. Babu jami'ar da za ta bi ƙananan masu walda ɗaya bayan ɗaya zuwa kotu, kuma ni a ganina bai ma kamata ba, domin su ne za su kai na'urar ƙauyen da mu ba za mu kai ba, su ne kuma za su gyara ta in ta lalace.

Shawarata ita ce ku raba na'urar gida biyu. Akwatin, da tirori, da ƙafafu, da rufin gilashi ko leda, ku bar wa kowane maƙeri ya yi, ku ma ba shi ma'auni kyauta. Ƙofar iskar, wadda ita ce zuciyar aikin kuma ita takardar za ta kare, a riƙa yin ta a wuri guda ko biyu da ma'auni daidai, a buga mata tambari, a sayar wa maƙeran. Ta haka mai waldan ya zama dillalinku maimakon abokin gabarku, kuma kason jami'a yana da sauƙin ƙirgawa, tun da a kan kowace ƙofa ake yanka shi. In wani babban kamfani ne ya kwaikwaya ko ya shigo da irinta daga waje, a nan ne takardar za ta yi muku rana.

Sannan ku shirya amsar tambayoyin da duk mai saka kuɗi zai yi, waɗanda ba na ganin su a maƙalolin jami'a. Nawa ake kashewa a ƙera guda da farashin kwano da ƙarfe na yau? Kwando nawa take ɗauka a zubi ɗaya, kuma kwana nawa? Manomin Kadawa ko Kura da yake kallon tumatirinsa yana ruɓewa a lokacin da kaya suka cika kasuwa ba ƙaramar na'urar gwaji yake bukata ba, kuma kauɗar da yake shanyawa a ƙasa ba ta cin masa ko sisi sai wahalar yanka. Sai in kasuwa za ta biya ƙarin kuɗi don tsafta da launi ne zai saya, kuma ina kyautata zaton masu sayen farko ba manoma ɗaiɗaiku ba ne, ƙungiyoyin mata ne da masu niƙa garin tumatir da yaji suna ƙullawa a leda, waɗanda NAFDAC take tambayarsu yadda suka busar da kayansu.

Malama daga Maraɗi ta amsa:

Ina gaida ku duka. Maganar Alhaji ta tuna mini da buhun PICS na ajiyar wake, wanda kusan kowa a nan ya sani. Asalinsa binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da masu binciken noma na Kamaru a Marwa tun ƙarshen shekarun 1980: leda biyu masu kauri a ciki, buhu saƙaƙƙe a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare ƙwarin wake su mutu ba tare da an sa magani ba. An daɗe da sanin dabarar an kuma rubuta ta, amma ba ta bazu ba sai daga 2007, lokacin da Gidauniyar Gates ta ba da kuɗi aka nemo masu ƙera buhun, har da kamfanin Lela Agro na Kano, aka samar da dillalai, aka shiga ƙauyuka. Cibiyarmu ta binciken noma ta INRAN tana cikin waɗanda suka yi aikin. A gaban jama'a ake zuba wake a ɗaure, bayan watanni a sake tara mutane a kwance buhun, kowa ya cusa hannu ya damƙo ya duba da idonsa. Abin da jami'ar ta riƙe ta ba da lasisi a kansa shi ne sunan da tambarin, domin manomi ya bambance na gaske da jabu mai siririyar leda. Ina ganin tambari zai yi wa na'urarku amfani kamar takardar mallaka ko fiye, kuma shi ana sabunta shi, ba ya ƙarewa bayan shekara 20.

Abu na biyu, kada ku manta takardar Najeriya ba ta ƙetare Jibiya. In kuna tunanin kasuwar Nijar, inda ake busar da tumatir da tattasai da albasa da yawa, to mu muna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, kuma nema guda a can yana rufe ƙasashe 17, cikinsu har da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin. Gana da Sudan kuwa suna cikin takwararta ARIPO ta Harare. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya, saboda haka sai kun nema daban, a cikin wata 12 ɗin da Barista ta faɗa.

Malamin Injiniya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na dakatar da maƙalar. Barista, akwai abubuwa da ban faɗa ba waɗanda yanzu na ga suna da nauyi. Ɗalibin ya riga ya gabatar da aikin a taron ƙara wa juna sani na cikin sashe, kuma jarrabawarsa ta baki da mai jarrabawa na waje tana nan tafe. Mai masana'antar ya ga na'urar tana aiki, ko da yake ba a buɗe masa murfin ƙofar ba. Sannan wani maƙeri na cikin gari shi ya ƙera mana ƙofar, kuma shi ya canza wani sashe nata da ya ƙi aiki a yadda muka zana. Shin waɗannan sun ɓata mana lamarin?

Barista ta sake amsawa:

Ba na jin sun ɓata, Dakta, amma kowanne yana bukatar a ɗaure shi yanzu. Taron cikin sashe wanda malamai da ɗaliban sashen kaɗai suka halarta, ba a raba takarda ga baƙi ba, ana iya kare shi a matsayin zama na cikin gida, sai dai ka tabbatar ba a ɗora bayanan a intanet ko a zauren WhatsApp na ɗalibai ba. Wanda ya ga na'ura tana aiki bai ga cikinta ba, bai samu ilimin da zai iya ƙera ta da shi ba, amma kafin ya sake zuwa ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Game da jarrabawa, ka rubuta wa shugaban makarantar karatun gaba da digiri ka nemi a yi ta a rufe, mai jarrabawa na waje ya sa hannu a kan riƙe sirri, kuma a dakatar da kai kundin laburare ko ɗora shi a rumbun jami'a har a shigar da nema. Wannan ba zai jinkirta wa ɗalibin digirinsa ba, kuma bai kamata a bari ya jinkirta ba.

Maganar maƙerin ita ce ta fi muhimmanci a cikinsu. Idan zanenku ya bi kawai, to mai taimako ne, an biya shi ladan aikinsa. Amma ka ce sashen ya ƙi aiki a yadda kuka zana, shi ya canza. In canjin nasa yana cikin abin da za ku yi da'awa a kai, to dabara ya kawo, kuma doka ba ta tambayar ko yana da digiri. Sunansa zai shiga, kuma tun da shi ma ba ma'aikacin jami'a ba ne, a zauna da shi a yi masa bayani da Hausa, a rubuta kasonsa, ya sa hannu a gaban shaidu. Ku kuma tambaye shi cikin mutunci ko ya riga ya ƙera wa wani irin wannan ƙofar ya sayar, domin in hakan ta faru, dole lauyanku ya sani kafin a kashe kuɗi.

Bayan an samu takardar, duk lasisin da aka bayar a yi shi a rubuce a kuma yi masa rajista a ofishin, in ba haka ba ba ya aiki a kan wani na uku. Ku kuma sa jami'a ta faɗa a rubuce wane ofishi ne zai riƙa biyan kuɗin shekara-shekara, domin takardar tana faɗuwa idan aka wuce lokacin biya da wata 6, sannan ku nemi a saka sharaɗin cewa ranar da jami'a ta ga ba za ta ci gaba da biya ba, za ta sanar da ku da wuri ta mayar muku da mallakar, kai da ɗalibin da maƙerin, ku ci gaba da ita da kanku.